An Yi Wa Babur Kwalliya, An Bar Danja A Mace

Duk wanda ya tsaya a bakin titin Aboabo bayan sallar isha'i, ya ba kansa minti goma kacal yana kallon baburan da ke wucewa, zai ga abin da ya sa na ɗauki alƙalami a yau. Ga wani ya taho da shuɗiyar fitila a ƙarƙashin tanki tana haska kwalta kamar ɗakin amarya. Ga wani da kore da ja suna bin juna a jikin ƙafafun babur. Ga na uku ya kafa wata farar fitila mai ƙwayoyi barkatai a gaba, wadda in ta dalle ka sai ka ɗauki lokaci kana ganin taurari. To, ka bari su gifta, ka bi su da ido ta baya. A nan za ka ga duhu. Danja a mace take, ko kuwa tana ci kamar garwashin da aka yayyafa wa ruwa. Sigina ɗaya ta karye tana reto a jikin waya, ɗayar an naɗe ta da baƙin salatif tun bara. Mai babur ya taka birki, bayansa bai nuna komai ba. Ya karya kwana ya shige layin Asawase, bai sanar da kowa ba. Ban ce a yarda da ni ba, gani ya kori ji. Titin yana nan, daren ma yana zuwa.

Abin da nake so in faɗa wa 'yan'uwana mazauna zango, daga Kumasi zuwa Nima da Mamobi da Sabon Zango na Akra, har zuwa Tamale inda mata ma ke tuƙa babur zuwa kasuwa, shi ne wannan: fitilar nan ta zamani da ake kira LED, wadda samarinmu suka mayar kayan ado, wurinta na farko a jikin tsohon babur shi ne danjar birki da sigina. Duk wanda ya sayo ta ya liƙa a ƙarƙashin tanki alhali danjarsa ba ta ci, ya bar jaki yana dukan taiki. Duk kuma dattijon da ya ɗaga hanci ya ce sauya ƙwan fitila zuwa LED rawar kan yara ce, shi ma ya yi kuskure, kuskurensa ya bambanta da nasu ne kawai. Da ɓangarorin biyu nake faɗa, da makanikan da ke tsakaninsu suna yanke waya suna murɗawa da haƙori.

Ba haka kawai na tsokano maganar ba. Damina biyu da suka wuce, ɗan maƙwabcina, yaron da na ga ranar sunansa, yana dawowa gida da dare a kan tsohon babur ɗin da kawunsa ya bar masa. Ya hango rami cike da ruwa, ya taka birki, wata tirotiro da ke biye da shi ta kwashe shi ta baya. Allah ya yi da sauran kwana a gaba, amma ƙashin cinya ya karye, ƙugu ya goce, ya yi watanni a kwance, yau kuma da sanda yake zuwa masallaci yana ɗan shekara ashirin da 'yan kai. Direban ya yi ta rantsuwa cewa bai ga ja ba. Mutanen unguwa suka ce ƙarya yake, ai direbobin tirotiro haka suke. Ni ma haka na ce, har ranar da aka dawo da babur ɗin aka jingine a zaure, na tsuguna na kwance murfin danja. Ƙwan ya yi baƙi ƙirin, zaren cikinsa ya daɗe da tsinkewa. Na duba ƙasan feda, ɗan sifirin da ke jan makunnin birki babu shi gaba ɗaya, tsatsa ma ta cinye inda yake maƙalewa. Na murɗa makulli don in gani, sai ga shuɗiyar fitila ta kama a ƙarƙashin tanki, lafiyarta lau. Ban wanke direban ba, domin da ya bar tazara da abin bai kai haka ba. Amma tun daga ranar na daina cewa ƙarya ya yi.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne mu ne mutanen sallama. Yaron zango ba ya faɗawa gidan mutane sai ya tsaya a ƙofa ya yi sallama, an amsa, sannan ya sa ƙafa. Mai ɗauke da kaya in zai ratsa taro sai ya ce gafara dai. Maƙwabtanmu Asante ma suna da tasu, duk wanda ya taɓa shiga Kejetia ya ji yadda masu tura baro da 'yan dako ke ta “agoo, agoo” don kada su buge mutum. Kakanninmu fatake da suka biyo hanyar goro daga Kano zuwa Salaga, waɗanda su ne silar wannan kalma ta zango da muke tinƙaho da ita, ba su tafiya kara-zube. Akwai madugu, akwai jagaba a gaba, kowa ya san lokacin tashi da lokacin sauka, domin ayarin da na gaba ke tsayawa ba tare da na baya ya sani ba ƙarshensa jakuna su hau kan juna. Sigina ita ce gafara dai ta mai babur, danja kuma ita ce yadda yake gaya wa na bayansa cewa zai tsaya. Yaya aka yi mutumin da zai ji kunyar shiga zauren maƙwabcinsa ba sallama, shi ne kuma zai ratsa titi mai layi biyu a gaban motar da ke ɗauke da mutum goma sha, ko ƙifta fitila bai yi ba?

Wani zai ce to a sa sabon ƙwai irin na da mana, me ya kawo LED cikin zancen? Tambaya ce mai kyau, kuma amsarta tana cikin yadda tsohon ƙwai yake aiki. A cikin ƙwan akwai wani siririn zaren ƙarfe, wanda wuta ke bi ta cikinsa har ya yi zafi ya yi jajur ya ba da haske. Zaren nan, musamman in ya ɗau zafi, ba ya jure jijjiga. Babur mai silinda ɗaya kuwa jijjiga ce sana'arsa, balle a kan hanyoyin cikin unguwanninmu masu ramuka da tudun rage gudu a kowace kusurwa. Shi ya sa za ka sa ƙwai yau, bayan 'yan makonni ya tsinke, kuma ba za ka sani ba, domin a bayanka yake. LED ba ta da zaren da zai tsinke. Ɗan ƙanƙanin ƙwayar lantarki ce da ke fitar da haske kai tsaye idan wuta ta ratsa ta.

Na biyu, cin wuta. Ƙwan danja na gargajiya zare biyu gare shi: ƙarami mai wat 5 wanda ke ci muddin an kunna fitila, da babba mai wat 21 wanda ke kamawa in an taka birki. Ƙwayayen sigina a ƙananan babura galibi wat 10 ne kowanne, biyu kuma ke ci a lokaci guda, na gaba da na baya. Ka lissafa da kanka: mutum ya iso mahaɗa da dare, ya taka birki, ya sa sigina, wat 46 ke nan, ba a sa fitilar gaba ba wadda ita kaɗai takan ci wat 35. Kuma a daidai wannan lokaci ne ya saki totur, inji ya koma silo, kwayil ɗin da ke samar da wuta yana bayar da mafi ƙarancin abin da zai iya. In batir ya tsufa, kuma a yawancin baburanmu ya tsufa tunda da kik ake tayar da su ba wanda ya damu da shi, sai ka ga sigina ta kama ta tsaya cak ba ta ƙiftawa, danja ta dusashe, oda ta koma kukan kwaɗo. Wato a daidai wurin da aka fi bukatar fitilun, a nan suke gazawa. Ƙwan LED mai kyau da zai yi wannan aiki wat 2 ko 3 yake ci. Tsohon babur mai raunin caji shi ya fi kowa bukatarsa, fiye da sabon da aka kwance daga kwali jiya.

Na uku shi ne wanda mutane suka fi rainawa, saurin kamawa. Zaren tsohon ƙwai sai ya yi zafi kafin ya haska sosai, wannan kuwa yana ɗaukar kimanin kashi ɗaya cikin biyar na daƙiƙa. LED nan take take kamawa. Za a ce mene ne kashi ɗaya cikin biyar na daƙiƙa, ai ko ƙiftawar ido ce. To motar da ke gudun kilomita 50 a sa'a tana cin kusan mita 14 a kowace daƙiƙa, saboda haka a cikin wannan ƙiftawar idon ta shafe kusan mita 3. Tsawon babur gaba ɗayansa bai wuce mita 2 ba. Wanda ya taɓa jin iskar bambar mota a bayan ƙafarsa ya san abin da mita 3 take nufi. Ga shi kuma hasken da ya kama farat ɗaya ya fi fizgar idon direban da ya gaji, a kan wanda ke tasowa a hankali.

Abin dariya, ko in ce abin takaici, shi ne LED ɗin farko da ido ke iya gani, wadda Nick Holonyak ya ƙera a Amurka a 1962, ja ce. Ja ta riga kowane launi zuwa. Shuɗiyar nan da samarinmu ke haukacewa a kanta ita ce ta wahalar da masana shekara da shekaru, har sai da wasu masana uku 'yan asalin Japan, Akasaki da Amano da Nakamura, suka ci nasara a kanta, aka ba su lambar Nobel a 2014, domin daga gare ta aka samu farar fitilar da ke cin wuta kaɗan. Mu ma mun ci moriyarta. A shekarun dumso, lokacin da wuta ke ɗaukewa dare da rana, wace uwa ce a zango ba ta sayi fitilar caji ba? Mai koko da ƙosai, mai waken safe, mai shayi, duk sun ajiye aci-balbal sun koma LED, ba wanda ya kira wannan rawar kai. Dattijon da ke karatu da tocilan mai LED a ɗakinsa, ban ga dalilin da zai hana shi sa ta a bayan babur ɗin da yake ɗaukar jikokinsa zuwa makaranta ba.

Sai dai a nan ne zan juya kan makanikai, domin rabin mutanen da suka ce sun gwada LED ba ta yi ba, aikin banza aka yi musu. Ba a zare tsohon ƙwai a cusa sabo a ce an gama. A cikin kowane babur akwai wani ɗan akwati da ake kira filasha, shi ke sa sigina ƙiftawa. Irin na da yana dogara ne da nauyin wutar da ƙwayayen ke ja. A cikin wasu akwai ɗan ƙarfen da ke zafi ya lanƙwashe ya yanke wuta, ya huce ya dawo ya haɗa, haka yake ta yi. Da ka sa LED wadda ba ta jan wutar kirki, ƙarfen ba zai yi zafi ba, sai sigina ta kama ta tsaya. Wani irin filashan kuma yakan ɗauka ƙwai ne ya mutu, sai ya riƙa ƙiftawa da sauri kamar mai zazzaɓi. Ƙa'idar da aka sani a duniya ita ce sigina ta ƙifta tsakanin sau 60 zuwa sau 120 a minti. Maganin abu ne mai sauƙi: a cire tsohon filasha a sa na lantarki wanda aka yi domin LED, wanda bai damu da nauyin wuta ba. Yawanci ƙafa biyu gare shi, a soket ɗin tsohon yake shiga. Amma me wasu makanikai ke yi? Sai su ɗaura wata razista mai ƙatuwar jiki a kan wayar don ta ja wutar da tsohon ƙwai ke ja, filasha ya ruɗu ya ci gaba da aiki. Sigina za ta ƙifta, gaskiya ne, amma ribar rage cin wuta ta tafi, an mayar da ita zafi, kuma razistar tana iya narkar da roba ko rigar waya in aka jingina ta da su. Ka biya kuɗin LED, batir ɗinka yana shan wahalar da yake sha jiya.

Akwai kuma wata matsalar da ke sa makanike ya yi ta sosa ƙeya yana cewa babur ɗin yana da aljanu. An sa LED, an sa sabon filasha, an kunna siginar dama, sai duka huɗun suka kama ƙiftawa. Dalili shi ne yawancin tsofaffin babura ɗan ƙwai ɗaya ne a kan mita ke nuna sigina, kuma an haɗa shi ne tsakanin wayar hagu da ta dama. 'Yar wutar da ke zurarewa ta cikinsa ba ta isa ta kunna tsohon ƙwai ba, amma ta ishi LED. Dayod biyu ƙanana, waɗanda ke barin wuta ta bi hanya ɗaya kawai, su ne maganin, tare da mayar da ɗayar ƙafar ɗan ƙwan zuwa jikin babur. Aikin rabin sa'a ne ga wanda ya sani. Haka nan LED tana da gaba da baya, in aka juya wayoyinta ba za ta kama ba. Wasu baburan kuma fitilar gaba da ƙaramar danja kai tsaye daga kwayil suke shan wuta, irin wadda ke kai da komowa, sigina da birki ne kawai ke sha daga batir. A irin wannan sai ka ga LED tana karkarwa a silo, ko ta ƙone in an ja totur, idan raktifaya ba ta da lafiya ko an cire batir gaba ɗaya. Tsofaffin Honda da Yamaha na zamanin iyayenmu kuma wasunsu bolt 6 ne, ƙwan bolt 12 ba zai yi musu ba. Duk wannan mita ɗaya ta gwajin wuta za ta nuna shi cikin minti biyar. Kumasi ce ke da Suame Magazine, inda ake kwance injin tirela a mayar, ake ƙera abin da masana'anta ta daina yi. Sabon Zango na Akra kuwa maƙwabcin Abossey Okai ne, kasuwar kayan gyara. Mutanen da ke zaune a bakin waɗannan wurare ba su da hujjar cewa ba a samu mai sani ko kayan aiki ba.

Sannan launi. Wannan ya kamata a rubuta shi a bangon kowace rumfar gyara: jar LED a bayan jan murfi, ruwan goro a bayan murfin sigina. Mutane na ɗauka farar LED ta fi haske, sai su cusa ta a danja. Murfin ja yana tace haske ne, jan ciki kawai yake bari ya wuce, farar LED kuwa janta kaɗan ne, yawancin haskenta shuɗi da ɗorawa ne. Sakamakon shi ne wata danja fara-fara mai ruwan hoda, wadda ba ta ce wa kowa tsaya. Kuma a lura da ƙwayayen araha da ake zubawa a faranti: da yawansu bambancin hasken ƙaramar danja da na birki bai taka kara ya karya ba, ka taka birki ka saki, na baya bai ga wani canji ba. Wannan ya fi mataccen ƙwai haɗari, domin mai shi yana tafe da tabbacin cewa yana da danja. Wasu kuma gaba kawai suke harba haske kamar tocila, wanda ke gefe ba ya gani, alhali tsohon ƙwai ko'ina yake watsawa kwanon fitila ya tattara. Araha ba ta ado. Masu cewa LED na jabu na mutuwa da wuri sun yi gaskiya, zafi ne ke kashe su; amma ba a daina shan magani don akwai na jabu a kasuwa. A gwada ƙwan a gaban mai sayarwa, a jikin babur, da murfinsa a rufe, a koma baya taku ashirin a duba da rana tsaka.

Kuma kowace irin fitila aka sa, in makunnin birki ya mutu an yi aikin banza. Biyu ne, ɗaya a hannu ɗaya a ƙafa, kowanne ya kamata ya kunna danja shi kaɗai. Wayar da ke komawa jikin babur in ta yi tsatsa, fitilu sai su riƙa yin abin da suka ga dama. Ƙurar hunturu tana rufe murfi har ya koma launin ƙasa, tsumma kawai yake bukata. Ga kuma namu na gida: buhun da aka ɗaura ya sauko ya rufe danja, babbar rigar Juma'a ko hijabin wadda aka goya ya lulluɓe sigina. Wannan ba ya bukatar ko pesuwa ɗaya, sai dai a waiwaya kafin a tashi.

Na san abin da za a ce, babu kuɗi. Ina jin wannan daga bakin yaron da ya sayi fitilar ƙarƙashin tanki, da sitika, da oda mai kukan jirgin ƙasa, da ƙaramar sifika. Ƙwan danja ɗaya, na sigina huɗu, da filasha, da wuya su haura kuɗin man kwana biyu ko uku na ɗan okada. A je a tambayi mahaifiyar ɗan maƙwabcina abin da ta kashe tsakanin asibiti da mai ɗori. Inda maganar kuɗi take da ƙamshin gaskiya shi ne wajen yaran da ke tuƙa babur ɗin wani, suna kawo ciniki kullum, ko suna biya a hankali har ya zama nasu. Yaro yana ganin babur ba nasa ba ne, me zai sa ya gyara. Mai babur yana ganin ba shi ke hawa ba, me zai sa ya damu. To Alhaji, da kai nake. Kai da ke ƙirga kuɗinka kowace yamma ba ka yarda a rage maka sidi ɗaya, ka taɓa cewa yaron nan ya taka birki ka zagaya baya ka duba? Ɗan wani ka ɗora a kan ƙarfen nan. Ranar da aka kwashe shi, kai ne za ka fara zuwa tambayar ko babur ya lalace.

Dattawa kuma nasu zancen daban. Wani zai ce shekara talatin yana hawa, da hannu yake nuna inda zai bi, bai taɓa faɗuwa ba. Baba, Allah ya ƙara tsarewa. Amma titin da ka koyi tuƙi a kai ba shi ne na yau ba. Lokacin babu pragya, babu aboboya, babu direban da ke tuƙi ido ɗaya a kan waya. Hannunka da dare ba wanda ke ganinsa, balle a titin da fitilun gwamnati suka mutu. Kuma hannun dama shi ke riƙe da totur da birkin gaba, duk sanda ka ɗaga shi don nuna kwana ka saki abin tsayawarka a daidai inda za ka bukace shi. Masu cewa kuma abin da Allah ya rubuta ba makawa, ba ni da ja da su, ni ma na yi imani da haka. Amma ban taɓa ganin ɗayansu ya bar babur ɗinsa a ƙofar gida ya kwana ba sarƙa ba kwaɗo yana cewa in an rubuta za a sace za a sace. Mun san ɗaukar mataki in dukiya ce. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a rahotonta na 2023 kimanin mutum miliyan 1.19 ke mutuwa a kan hanya duk shekara, fiye da rabinsu masu tafiya a ƙasa ne da masu keke da masu babur, kuma nahiyarmu ce ke kan gaba in aka auna da yawan jama'a. Mai mota yana da ƙarfe kewaye da shi. Mai babur ba shi da komai a bayansa sai rigarsa da wannan 'yar jar fitila.

Akwai kuma abin da ya shafe mu mu kaɗai, a matsayinmu na 'yan zango. Mun san sunan da ake kiran yaranmu da shi a gari, mun san yadda ake kallon ayarin babura ranar Sallah da ranar ɗaurin aure, duk shekara malamai na jan kunne a kan mumbari, 'yan sanda na gargaɗi. Da yawa daga abin da ake faɗa a kanmu zalunci ne da kuɗin goro, kuma muna da haƙƙin mu yi tir da shi. Amma yaron da ya sa ja da shuɗi masu walƙiya a babur ɗinsa yana kwaikwayon motar 'yan sanda da ta asibiti, shi ya miƙa sandar da za a doke mu da ita. Launukan nan ba wani ne ya zaɓe su don sha'awa ba. Tun yarjejeniyar Biyana ta 1968 kan zirga-zirgar hanya an tsayar da ja a baya, ruwan goro ga sigina, domin direba daga kowace ƙasa ya gane abin da na gabansa ke nufi ba tare da tunani ba. Dokar hanya ta Gana ta 2012, wadda ake kira L.I. 2180, ta tsara irin fitilun da abin hawa zai ɗauka, kuma mun ga lokacin da hukumar kiyaye haɗura da 'yan sandan hanya suka fito suna kwance fitilun da suka saɓa wa ƙa'ida. Idan bayan babur yana walƙiya da kore da shuɗi da ja a lokaci guda, direban da ke biye ba zai iya bambance ado da birki ba. Haka nan 'yan mitsi-mitsin siginar nan masu baƙin murfi da ake yayi, waɗanda da rana ko kana kusa ba ka ganinsu, da farar fitilar gaba da aka ɗaga sama tana makantar da mai tahowa. Duk LED ne, kuma duk ina adawa da su.

Ban ce ƙwan fitila zai maye gurbin hular kwano ba, ko ya rage gudun wanda ya sha abin da ya sha. Waɗannan faɗa ne na wata rana. Na zaɓi wannan ne domin shi ne wanda ba ya jiran majalisa ko minista ko kwangilar titi. Kowace tashar okada tana da shugaba, kowace majalisar ataya tana da wanda ake jin maganarsa, kowane masallaci ƙofarsa cike take da babura sau biyar a rana. Shugaban tashar da ke iya hana yaro lodi don bai biya kuɗin ƙungiya ba, yana iya hana shi don danjarsa ba ta ci.

Wanda kuma ba shi da mai duba masa, ya juya bayan babur ɗinsa ga bango yau da dare, taku biyu tsakani, inji yana silo, fitila a kunne. Ya matsa birkin hannu ya kalli bangon, ya saki, ya taka na ƙafa ya sake kallo. Ya sa siginar hagu, ya sa ta dama, yana riƙe da birki. In jan da ke bangon bai ƙaru ƙwarai ba, ko sigina ta tsaya, ko ta ja danja suna dusashewa tare, gobe da safe ya nufi wurin makanike. Ya ce masa jar LED yake so a baya, ruwan goro a gefe, filasha na lantarki ba razista ba, a gwada raktifaya da mita, a sa sifirin makunnin birki, a haɗa waya da dalma a rufe ta. In makaniken ya ce ai duk ɗaya ne, ya tura babur ɗinsa zuwa rumfa ta gaba.